HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA: NASIHA GA MAI NEMAN AIKI A GIDAN RUWA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana ruwan sha da na tsarki ba don iyawarmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata magana da wani tsohon ɗalibin wannan makaranta ya faɗa mini, wadda ta hana ni sakat. Wannan yaro ya sauke Alƙur'ani a hannunmu, ya tafi ya yi difloma a fannin awon sinadarai, sa'an nan aka kira shi intabiyu a wani wurin tace ruwa da ba sai na ambaci sunansa ba. Duk tambayar da aka yi masa game da alam da kulorin ya amsa ta ba gargada. Can sai wani dattijo daga cikin masu tambayar ya ce masa, "Yaro, a ce ka zo karɓar aikin dare, ka tarar wanda za ka karɓa daga hannunsa sa'an mahaifinka ne, ya manta bai zuba kulorin ba tun La'asar, amma a littafi ya rubuta ya zuba. Me za ka yi?" Sai yaron nan ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai zai gyara abin ya yi shiru, don bai iya tona asirin babba ba. To, ba a ɗauke shi ba. Da ya zo gaishe ni bayan Magariba sai ya ce, "Malam, ashe ba ku ne kuka koya mana ladabi ba?"

Wallahi maganar ta soke ni, domin kuwa yana da gaskiya ta wani ɓangare. Mun koya masa ladabi, amma ba mu koya masa yadda ake faɗin gaskiya cikin ladabi ba. Ra'ayina shi ne dattijon nan bai zalunce shi ba, kuma ina so ka biyo ni a hankali ka ji dalili.

YADDA RUWA KE ISOWA FAMFONKA

Kai da ke Funtuwa ka san Mairuwa da Gwaigwaye, kai kuma na Malumfashi ka san dam ɗinku. Ka kuma san yadda ruwan dam yake komawa jawur idan damina ta kankama a watan Agusta, saboda duk abin da ruwan sama ya wanko daga gonakin masara da dawa da auduga, da taki, da kashin shanu, nan yake tarewa. Wannan jan ruwan ne ake so a mayar da shi abin da jariri zai sha ya kwana lafiya.

Da farko inji ke jawo shi daga dam zuwa gidan ruwa. Sai a zuba masa alam, wanda ke haɗa ƙananan ƙwayoyin laka su dunƙule su yi nauyi. Sai a bar shi ya bi ta manyan kwatamai a hankali har lakar ta kwanta. Daga nan ya ratsa ta cikin yashi da tsakuwa ya tace. Sai a sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, a tara shi a babban tanki, sa'an nan manyan injuna su tura shi cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin cewa ana son bayan minti 30 da zuba kulorin a sami ragowarsa aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita, kuma ko a famfon da ya fi nisa kada ya gaza 0.2. Ka ga ke nan abu ne na awo, ba a yin sa da ka.

To, yanzu ƙidaya hannuwan da ke cikin wannan aiki. Akwai mai awon ruwa a ɗakin gwaji, wanda zai ce yau laka ta ƙaru, a ƙara alam. Akwai mai zuba maganin. Akwai mai kula da injin jawo ruwa, da makanike, da mai gyaran lantarki, da mai tada janareta idan an ɗauke wuta. Akwai mai sito da ya kamata ya faɗa tun da wuri cewa buhunan alam sun kusa ƙarewa, akwai direban da ke kawo su, akwai masu gyaran bututu a cikin gari, har da maigadi. Kuma aikin ba ya tsayawa, wasu na sauka wasu na hawa, dare da rana. Idan mai awo ya ga abu bai faɗa ba, ko ya faɗa wanda ya ji bai fahimta ba, ko na rana ya tafi gida bai gaya wa na dare cewa inji na biyu yana zafi ba, shi ke nan, ilmin kowannensu ya tashi a banza. Mai shan ruwa kuwa yana can gida bai san wainar da ake toyawa ba.

LABARI BIYU DAGA ƘASASHEN TURAWA

Kada ka ce ai wannan duk tsoratarwa ce irin ta malamai. A ranar 6 ga Yuli, 1988, a wani gari da ake kira Camelford a Ingila, wani direba da ke riƙon ƙwarya ya kawo tan 20 na alam gidan ruwan garin. Bai taɓa zuwa wurin ba, bai kuma tarar da kowa ba. Abokin aikinsa ya dai ba shi mabuɗi da kwatance na baka wanda bai fita sosai ba. Sai bawan Allah ya juye maganin nan gaba ɗaya cikin tankin ruwan da aka gama tacewa, wanda ke tafiya gidajen mutane kusan 20,000. Jama'a suka yi ta kuka da ciwon ciki da ƙuraje da gyambon baki, hukumar ruwan kuma ta ce musu ruwa lafiyarsa lau. Sai da aka kwana 16 kafin a fito a gaya wa mutane ainihin abin da ya faru. Dubi nan da kyau: kwatance mara kyau ya jawo ɓarnar farko, ɓoye gaskiya ya jawo ta biyu.

Na biyu ya faru ne a watan Mayu na shekarar 2000 a Walkerton ta ƙasar Kanada, wani ƙaramin garin manoma da makiyaya kamar namu, mai mutane ƙasa da 5,000. An yi ruwan sama mai yawa, ya wanko kashin shanu daga wata gona ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin da garin ke sha. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya gano cewa ma'aikatan ruwan sun daɗe suna rubuta awon kulorin na ƙarya a littafi ba tare da sun auna ba. Da yara suka fara gudawa da jini, ma'aikatan lafiya suka tambayi shugaban wurin, sai ya nuna musu ba wata matsala, alhali sakamakon gwaji yana hannunsa. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta.

Mu ma nan gida ba baƙi ba ne ga cutar da ruwa ke kawowa. A shekarar 2021 kwalara, wato amai da gudawa, ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya bisa ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Jihar Katsina na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai. To, mai karatu, idan kai ne ke ɗaukar ma'aikaci, za ka ɗauki wanda ya gaya maka da bakinsa cewa zai ga kuskure ya yi shiru?

ABIN DA MUKA KARANTA A ZAURE

Tun muna ƙanana aka karantar da mu a Ahalari da Ishmawi da Risala cewa ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa kafin a yi tsarki da shi. Wannan hukunci ne na ibada, yana nan daram. Sai dai ruwa yana iya zama garau, ya halatta a yi alwala da shi, amma yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko taifot da ido ba ya gani. Mai gida ba shi da na'urar da zai gane haka. Ya dogara ne kacokan ga amanar wasu mutane da bai taɓa ganinsu ba. Saboda haka littafin awo na gidan ruwa shaida ce, wanda kuwa ya rubuta abin da bai auna ba ya yi shaidar zur, kuma kowa ya san matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai.

Game da kunya kuwa, babu mai musun cewa tana cikin imani. Amma ai Nana A'isha (RA) ta yaba wa matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu ba. Malaman Sira kuma sun kawo cewa a yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Hubabu ɗan Munzir (RA) ya ga inda rundunar Musulmi ta sauka, sai ya fara tambayar Manzon Allah (SAW) ko wahayi ne ya zaɓi wurin ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da ya ji dabara ce, sai ya ba da shawara a matsa gaba a riƙe rijiyoyin, aka kuwa karɓi shawararsa. Ka lura da tsarin: ya fara da tambaya cikin girmamawa, sa'an nan ya faɗi abin da ya gani da dalilinsa. Idan sahabi zai yi haka a gaban Fiyayyen Halitta, kai wane ne shugabanka da zai fi ƙarfin a ce masa, "Baba, ina ga kamar ba a zuba magani ba"?

Duba kuma Suratul Ƙasas, daga aya ta 23 zuwa ta 26. Annabi Musa (AS) ya sami aiki ne a bakin rijiyar Madyana, bayan ya taimaki mata biyu da ba su roƙe shi ba, kuma abu biyu aka ambata da suka sa ya cancanta, wato ƙarfi da amana. A aya ta 34 kuma shi da kansa ya roƙi Allah Ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe. Annabi guda, mai daraja irin wannan, ya san inda yake buƙatar abokin aiki, bai kuma ji nauyin faɗa ba. Haka nan a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu (AS) ya bayyana wa sarki abin da ya iya a lokacin da ƙasa ke fuskantar fari. Daga nan malamai suka fahimci cewa mutum ya faɗi ƙwarewarsa da gaskiya a inda ake buƙata ba alfahari ba ne.

IDAN KA SHIGA ƊAKIN INTABIYU

Yanzu bari mu zo kan abin da zai amfane ka ranar da aka kira ka, ko a Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina, ko hukumar RUWASSA mai kula da ruwan karkara, ko ma kamfanin fiya wata da ke bayan layinku.

Na farko, idan aka ce ka ba da labarin lokacin da ka yi aiki tare da jama'a, kada ka ce, "Ni mutum ne mai son haɗin kai," ka yi shiru. Kowa ma haka zai ce. Kawo labari guda na gaske. Kai ɗan manomi ne, ka san gayya. Faɗi gonar wa aka yi wa, ku nawa ne, wane aiki aka ba ka, wace matsala ta taso, me ka yi, yaya aka ƙare. Wataƙila ka taɓa shiga kwamitin walimar sauka, ko aikin yashe kwalbati na unguwa, ko gyaran famfon burtsatse da aka yi karo-karo. Duk waɗannan hujja ce. Amma ka rarrabe abin da "muka" yi da abin da "na" yi. Wanda ya cinye aikin jama'a shi kaɗai an gane shi, wanda kuma ya ɓuya a bayan "mu" ba a san amfaninsa ba.

Na biyu, idan aka tambaye ka yadda za ka miƙa aiki, nuna ka san cewa baki shi kaɗai ba ya isa. Ka ce za ka rubuta awon da ka yi da lokacin da ka yi shi, da yawan maganin da ka zuba, da abin da ya rage a sito, da duk injin da ka ji yana wani ƙara. Sa'an nan ku zaga tare da mai karɓa ya gani da idonsa, ku sa hannu ku biyu. Idan kuma aka ba ka umarni ta waya, maimaita shi da bakinka don a tabbatar abin da aka faɗa shi ka ji. Da direban Camelford ya sami wanda zai nuna masa tanki da yatsa, da ba a yi wannan labari ba.

Na uku, tambayar da ta kayar da ɗalibinmu. Ga yadda nake ganin ya dace a amsa ta. Ka ce abin da za ka fara yi shi ne kare masu shan ruwa: ka auna, idan kulorin ya gaza ka sanar da shugaban aiki nan take don a tsayar da tura ruwan ko a san matakin ɗauka. Sa'an nan ka keɓe dattijon ka yi masa magana a asirce, ba a gaban yara ba, ka ce masa, "Baba, ga abin da na tarar, kuma dole in rubuta shi yadda yake." Ka rubuta gaskiya ba tare da zagi ko ƙari ba. Ka ga ka haɗa ladabi da amana ke nan. Rufin asirin Musulmi yana da lada a kan laifin da ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa, amma ban da wanda zai kwantar da unguwa guda a asibiti.

Na huɗu, za a iya tambayarka kuskuren da ka taɓa yi. Kada ka ce ba ka taɓa yi ba, don ba mai yarda. Faɗi ɗaya, ka faɗi wanda ka sanar, da darasin da ka ɗauka. Haka nan idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba amma ka san wanda za ka tambaya. Imamu Malik da kansa ya shahara da yawan cewa bai sani ba, bai kuma rage masa daraja ba. A gidan ruwa mai kame-kame ya fi jahili haɗari, domin jahili yana tambaya.

Na biyar, ka nuna ka san cewa akwai aikin da ba a yin sa mutum ɗaya. Iskar kulorin guba ce, ta fi iska nauyi, tana taruwa a ƙasa-ƙasa. Ba a shiga ɗakinta ko a sauka cikin tanki sai da wani a tsaye a waje yana kallo. Jarumtaka a nan wauta ce.

Na shida, ka iya yi wa mutanen gari bayani. Wata rana tsohuwa za ta tare ka ta ce ruwanku yana warin magani, ko mai unguwa ya zo da fushi don an kwana uku ba ruwa. Wanda zai iya sauke Turancin littafi ya mayar da shi Hausar da kowa zai gane, ba tare da raini ko alkawarin ƙarya ba, ya fi mai tarin takardu amfani. Ke ma 'yar'uwa wannan magana da ke nake, domin ɗakin gwaji da aikin wayar da kan mata a cikin gidaje suna buƙatarki, kuma hijabi bai hana murya fita da gaskiya ba.

MASU CEWA SAI DA HANYA

Na san abin da wani zai ce: "Malam, duk wannan zance ne, aiki a ƙasar nan sai kana da wani a sama." Ba zan ce maka ƙarya kake yi ba, ana yin haka, kuma zalunci ne da za a amsa tambaya a kansa gobe Ƙiyama. Amma ka tuna abu biyu. Ɗaya, mai kamfanin ruwan leda da ya zuba dukiyarsa, yana kuma tsoron jami'an NAFDAC su rufe masa wuri, ba ya wasa da wanda zai riƙe masa injin tacewa, haka ma ƙungiyoyin da ke aikin ruwa a karkara. Biyu, ko da hanya ka shiga, hanya ba za ta tsaya maka da ƙarfe biyun dare ba, sa'ad da wuta ta ɗauke, ruwan sama na zuba, dam ya yi ja, daga kai sai abokin aikinka. A wannan lokaci abin da zai fitar da ku shi ne ku fahimci juna. Wanda kuma yake son ƙarin ilmi a fannin, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan a Mando, Kaduna, ba nisa daga Funtuwa.

KIRA GA MALAMAI DA IYAYE

A ƙarshe ina mayar da maganar kanmu, mu malaman Islamiyya. Yaron da duk rayuwarsa ba a taɓa barinsa ya yi tambaya a aji ba, in ya ɗaga hannu a daka masa tsawa, yaya za a yi ya buɗe baki a gaban manya biyar da bai sani ba? Mu riƙa raba ɗalibai rukuni-rukuni muna ba su aiki, kamar tsaftar randunan makaranta da wurin alwala, a naɗa mai rubuta rahoto, ranar Alhamis ya tashi ya karanta a gaban kowa. Mu raya muhawara da musabaƙa. Idan ɗalibi ya gyara mana kuskure a karatu cikin ladabi, mu sa masa albarka a bainar jama'a, don sauran su gane cewa hakan ba rashin kunya ba ne. Iyaye kuma a riƙa sauraron yara a gida, a bar su su kai ƙarshen maganarsu.

Shi kuwa ɗalibin namu, mun zauna da shi sau uku, ni ina tambaya shi yana amsawa, har ya daina kallon ƙasa. Ya sake kai takardunsa wani wuri, muna jiran abin da Allah zai yi. Ina roƙonka ka sa shi a addu'a, kai ma ka fara shiri tun yau, kada ka bari sai an kira ka.

Allah Ya ba matasanmu aikin yi na halal, Ya sa su zama masu ƙarfi da amana, Ya kare garuruwanmu daga annoba, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, amin.